Hulunan da ke Cikin Adudun Iya

Hular da kakarmu Iya Mairam ta saƙa wa Yunusa ranar suna har yanzu tana shiga kansa. Ba nema na je yi ba. Wucewa nake da tiren kofuna, uwarsa, yayata Ma'u, na zaune bakin rijiya tana shafa masa mai bayan wanka, sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauko hular nan ruwan ɗorawa mai ɗan tuntu, ta sa masa, ta zauna daram. Watansa bakwai. Rigunan suna duk sun yi masa kaɗan, an rabar. Hula kuwa ko matse shi ba ta yi.

Na ajiye tiren a kan turmi don kada ya suɓuce mini.

Masu karatu, ni ce Bushira. Wanda ya san ni a unguwarmu a Haɗeja zai ce muku ba ni da magana, kuma gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta sinadaran da ke aiki a jikin ɗan'adam, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ni dai kallo na iya. A nan ne kawai, da wayata a hannu, bakina yake buɗewa, shi ya sa nake gaya muku abin da ban iya gaya wa mutanen gidanmu ba sai da ƙyar.

Ranar Laraba ce. Ranar Asabar za a kawo lefena.

Wanda zai aure ni Yaya Abdulmannan ne, ɗan Gwaggo Zainaba ƙanwar Abbanmu. Taubashina ne, tun ina rarrafe yake tsokanata. Ba wanda ya tilasta ni, kada ma ku kawo wannan a ranku. Ni na so shi, tun ranar da ya kai ni tasha zan tafi makaranta, ya tsaya a rana har motar ta cika ba tare da ya ce komai ba sai "ki riƙa cin abinci". Wansa Safiyanu shi ne mijin Yaya Ma'u. Haka gidanmu yake, ƙwarya ɗaya muke juyawa tun kakanni.

Wayata ta yi ƙara a aljihun doguwar rigata. Shi ne.

"Farfesa, takalmi lamba nawa? Gwaggonki ta ce talatin da tara, na ce ƙafar agwagwa ta wuce nan."

Na rubuta masa: "Talatin da takwas. Agwagwa tana gaida mai gadin tsuntsaye."

Shinkafarsa ta fara nuna a fadama ta wajen Guri, kullum yana can yana faɗa da tsuntsayen jan-baki. Ya turo mini hoton kansa da malafa, laka har gwiwa, bayansa ruwa ya kwanta fari fat har inda ido ya ƙare, ciyawar kacalla ta yi duhu a gefe. Ina cikin murmushi wani saƙon ya shigo a samansa.

"Bushira, sakamako ya dawo. Ki kira ni idan kin samu wurin da ba mutane."

Dakta Aziza ce, likitar yara a Kano. Wata uku da suka wuce ni na raka Yaya Ma'u wurinta, saboda Yunusa yana yawan sanƙarewa, idonsa ya kafe, kuma bai taɓa bin fuskar uwarsa da kallo ba. Kafin shi Yaya ta haifi biyu, duk da irin wannan ƙaramin kan, duk ba su kai yaye ba. Likitar ta ce akwai wani bincike da suke yi da wasu abokan aikinta a waje, za a iya tura jini a karanta abin da yaron ya gada. Aka ɗebi nasa, da na Yaya, da na Safiyanu. Ni ma na miƙa hannu, don ta ce na 'yar'uwa zai taimaka. Safiyanu ya ce idan amsa ta zo a gaya mini, ni in juya musu ita da Hausar gida.

Na zaga bayan garken awaki, ƙarƙashin darbejiya, na kira.

"Kin tuna asparajin?" in ji ta bayan mun gaisa.

"Na tuna, Dakta."

"Mai ƙera shi fa?"

"Asparajin sintetes."

"To shi ne. Na Yunusa ba ya aiki."

Na jingina da bishiyar. Wallahi abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne. Allon ajinmu na shekara ta uku na gani, da zanen da malaminmu ya yi da alli, kibiya ɗaya daga wannan suna zuwa wancan. Na haddace shi, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta. Kibiya ɗaya a cikin ɗaruruwa. Ashe tana kwance a tsakar gidanmu ana shafa mata mai.

Bari in gaya muku yadda abin yake, a yadda na fahimce shi. Naman jikinmu, da jini, da ƙwaƙwalwa, duk da furotin aka gina su, shi kuma furotin kamar abin wuya yake, an jera shi da duwatsu iri ashirin. Wasu duwatsun a abinci muke samu. Wasu jiki ne yake ƙera abinsa, kowanne da maƙerinsa, wanda ake kira enzayim. Asparajin yana cikin waɗanda ake ƙerawa. Akwai shi a abinci ma, akwai shi a nono, yana yawo a jini. Amma ƙwaƙwalwa an yi mata katanga tsakaninta da jini, ba kowane baƙo ke shiga ba, kuma asparajin na waje kaɗan ne yake samun ƙofa. Dole ta ɗora tukunyarta da kanta. Idan mai girkin bai zo ba, ko gidan duniya ya cika da abinci, ita da yunwa za ta kwana. Sai ta kasa girma. Sai kai ya tsaya inda yake.

"Umarnin ƙera shi biyu kowa yake da shi," in ji Dakta Aziza, "ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Guda ɗaya mai kyau ya ishi mutum har tsufansa, ba zai taɓa sanin ɗayan ya lalace ba. Ma'u tana da lalatacce ɗaya. Safiyanu ma haka. Yunusa ya haɗa biyun."

"Akwai magani?"

"Na rage sanƙarewar akwai. Na gyara shi, har yau ba a samu ba. Iyalan da aka rubuta labarinsu a duniya ma ba su da yawa." Sai ta ce, "Kin san abin da yake sa ni tasbihi? A ɗakin da ke kusa da ofishina yara ne masu kansar jini. Ƙwayoyin irin wannan kansar su ma ragwaye ne wajen ƙera asparajin, a jini suke roƙa. Sai mu ba da allurar da take share shi daga jinin. Lafiyayyun ƙwayoyi su girka nasu, na cutar su mutu da yunwa. Jiya na sallami wata yarinya, da gudu ta fita. Rashin abu ɗaya, Bushira. A can ya zama hanyar ceto, a nan kuma kin gani."

Na kalli bayan hannuna, na kalli jijiyar da ke bugawa a wuyan hannun. A daidai wannan lokacin, a cikin kaina, wani abu da ido bai taɓa gani ba yana ta aiki, bai huta ba tun ina cikin Umma, ban taɓa gode masa ba, ban taɓa gode wa wanda ya sa shi aikin ba. Akuya tana tuƙa a gabana, ita ma da nata. Subhanallahi kawai nake maimaitawa.

"Saura naki," in ji ta a hankali.

Na riga na sani tun daga yadda ta ja numfashi.

"Ke ma kina ɗauke da ɗaya. Lafiyarki ƙalau, kuma haka za ki ci gaba. Amma kin ce mini ƙanin Safiyanu za ki aura. Shi rabi da rabi ne, ko yana da shi ko babu. Idan babu, shi ke nan, kun tsira. Idan akwai, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne ya zo irin Yunusa. Ki turo shi. Yanzu mun san inda za mu duba, mako shida ya isa."

Mako shida. Lefe saura kwana uku, ɗaurin aure saura wata ɗaya.

Na samu Umma a ɗakinta, hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina. Ta baza kwalaben humra a kan darduma, ga kwanon dilka an rufe da faranti, ga atamfar da ƙawayenta za su yi anko an ninke a bakin gado. Ta ɗago ta harare ni.

"Kin sake fita rana ko? Duk wahalar da ake a kan fatar nan taki?"

"Umma, likitar Yunusa ta kira."

Ta ajiye kwalbar. Na yi mata bayani, ina kallon zanen darduma. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Da na zo kan maganar Yaya Mannan sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ba kun yi gwaji ba?"

"Mun yi, amma..."

"Ba ni na raka ki ba? Takarda ba ta ce AA ba, shi ma AA? Gwaggonku har guɗa ta yi a tsakar gidan nan. Liman ya gani, Abbanku ya gani. Wane jini ne kuma ya rage ba a duba ba?"

"Wancan na sikila ne kawai, Umma. Wannan daban ne."

"Jinin dai guda nawa ne a jikinki?"

A wurin Umma, da duk matan layinmu, gwajin aure ƙofa ɗaya ce, in ka wuce ka wuce.

"Abin Ma'u kowa ya san daga inda ya zo," ta ci gaba, ta rage murya. "Matan gidan nan ba sa tsallaka kogi da ciki, tun kafin a haife ki. Ita da ambaliya ta ci Guri aka sa ta a kwalekwale da cikin wata biyar. Na farko ma an ce ta je bakin ruwa wanki. Ke dai ki kiyaye in naki ya zo. Kuma kada in ji wannan zancen a bakinki har a kawo kaya a tafi. Kina so a ce 'yar boko ta raina ɗan gwaggonta?"

Na ce to. Kullum to nake cewa.

Ɗakin Iya Mairam yana can ƙurya, kusa da rumbu. Ita ta haifi Abba da Gwaggo Zainaba, ita kuma ta fara cewa "wannan shirun da wancan surutun sai an haɗa su" tun muna yara. Na same ta tana ɓare gyaɗa, ƙoshiyar saƙarta a soke cikin ƙullin zare a gefe.

"Amarya mai fuskar makoki," in ji ta. "In kin fasa ki faɗa, maigidana ne dama, in riƙe abina."

Na zauna a bakin tabarma. Ban yi niyyar cewa komai ba. Abin da ya fito shi ne, "Iya, hular Yunusa ba ta matse shi ba."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

Sannan ta ce in jawo mata adudun da ke ƙarƙashin gado. Ta ɗaga tsofaffin zannuwan saƙi, ta zaro wani ƙullin farin ƙyalle, ta kwance. Huluna ne, ƙanana, wasu zaren har ya ci. Ta jera su a kan cinyarta.

"Duk jaririn gidan nan ni nake masa hula. In ta matse shi, uwar ta ba wani. In ba ta matse shi ba har ya koma, sai in karɓi abata." Ta taɓa biyu farare. "Waɗannan nawa ne, kafin ubanki. Wannan ta ɗan ƙanwata ce, wadda aka aurar wa wan kakanku. Wannan ta 'yar fari ce a wurin Zainaba, ba ku san da ita ba, ba a faɗa. Waɗannan biyun na Ma'u."

Shida. Na dube su, sai na ga zanen da ake koya mana na bishiyar zuri'a, da'ira da murabba'i da layukan aure, ga shi a kan cinyar tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Ba wanda ta manta. Ta san uwar kowa da uban kowa, ta san wa ya haɗa kaka da wa.

"Iya, ke da kakanmu Malam 'yan'uwa ne?"

"Uwarsa da ubana ciki ɗaya."

Sai na gaya mata. Ban san inda bakin ya zo mini ba. Na ce mata a cikin kan kowane jariri akwai mai girki, ƙanƙane, ko ƙwayar gero ta fi shi sau dubu dubbai. Uwa tana aiko ɗaya, uba yana aiko ɗaya. In ɗaya ya makara, ɗayan ya riƙe tukunya. In duka biyun ba su zo ba, ba maƙwabcin da zai iya miƙo kwano ta katanga.

"Yanzu haka akwai shi a kaina?"

"Akwai, Iya. Shekara tamanin yana miki girki."

"Ko ina barci?"

"Ko kina barci."

Ta ɗora tafin hannunta a kan ɗankwalinta, a hankali, kamar mai taɓa kan wani. "Allahu Akbar. Ban taɓa ba shi ko ruwa ba." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin tsagar fuskarta. Can ta ce, "To kogin fa?"

"Ba ruwan kogi, Iya. Tun ranar da cikin ya shiga an gama rubutawa."

"Ni na kafa dokar nan." Ta sauke hannunta. "Da cikin na farko na tsallaka zuwa Guri biki. Da na biyu na je kai wa Malam abinci bakin ruwa. Na zauna na yi ta lissafi, me na yi, me na taka, ban ga komai ba sai kogi. Na hana kowace mace. Shekara hamsin da wani abu ban ci kifinsa da daɗin rai ba. Ashe bawan Allah wucewarsa kawai yake." Ta share fuska da gefen zane. "Yarinyar nan Ma'u ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta. Ni na ɗora mata, ni zan sauke mata, ba ke ba. Ke naki yana gabanki."

"Umma ta ce in yi shiru sai an kawo kaya."

"In akwati ya shigo gidan nan, magana ta bar hannunku ta koma ta manya, kuma manya kunya za su duba. Yau zai zo?"

"Bayan la'asar."

"To ki wanke fuska."

Na sa atamfata shuɗiya da farin mayafi. Na rubuta sunan Dakta Aziza da lambarta a 'yar takarda, na ninke, na riƙe a tafin hannu har ta jiƙe. Ƙarfe biyar saura na ji ƙarar babur ɗinsa, wanda duk layin sun san shi da tari kafin ya mutu. Na shimfiɗa tabarma a zaure. Ya shigo da farar shadda, wankan da ya yi bai fitar da lakar da ke gefen farcensa ba, da ledar kifi banda a hannu.

"Na Iya ne, kada ki sa rai. Ke an ce amare ba sa cin mai ƙarni." Ya zauna, ya leƙa fuskata. "Farfesa, wa ya taɓa ki? Akwatin ne ba ki son ruwan toka? Wallahi sai da na ce musu ja."

"Yaya Mannan, sakamakon Yunusa ya fito."

Dariyar ta bar fuskarsa. Yana son yaron nan. Shi yake ɗaukarsa ya zaga da shi tsakar gida yana masa waƙar kora tsuntsaye, ko da yake yaron bai taɓa juyowa ba.

Na faɗa masa duka, da mai girkin, da katangar, da yaran Kano masu kansar jini. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana juya makullin babur a yatsansa.

"Ikon Allah," ya ce. "Mu a gona mun san irin da ka daɗe kana maimaitawa a fili ɗaya yana gajiya. Ban taɓa kawo shi kan mutum ba." Ya ɗago. "Ke kina da shi."

"Ina da ɗaya."

"Ni kuma ba a sani ba."

"Rabi da rabi."

"To ai da sauƙi. A kawo kaya ranar Asabar, a ɗaura aure, in je Kano daga baya. Ko mene ne, mun riga mun zama ɗaya, sai mu bar wa Allah."

"Shi ya sa nake so a dakata da kayan. Mako shida kawai."

"Kin san abin da mako shida yake nufi a garin nan? An gayyaci mutane daga Birniwa. Hajiyarmu ta yi cincin ya cika bokiti uku. Me zan ce mata? 'Yar wanki ta ce a auna ni tukuna, kamar buhun shinkafa?"

"Ka ce Iya ce ta ce."

"Iya ta sani?"

Na gyaɗa kai. Ya fitar da numfashi mai tsawo. A waje mai Keke Napep yana ta hon, yara na dawowa daga Islamiyya, wata mai awara tana kiran ciniki.

"Na ji. A ce na je. A ce ya fito babu, sai mu sha biki." Ya sunkuyo, ya rage murya. "In ya fito akwai fa, Bushira? Ɗaya cikin huɗu kika ce. Uku lafiya ke nan."

"Yaya Ma'u ma ɗaya cikin huɗu ce. Sau uku a jere."

"Ba lissafi na tambaye ki ba. Ke na tambaya. In akwai, za ki aure ni?"

Masu karatu, na so in ce to. Ita ce kalmar da ta fi mini sauƙi a duniya, kuma ita yake jira. Na kalli lakar farcensa, na kalli wuyan rigarsa da aka goge da kyau saboda ni. Ta cikin gida na jiyo kukan Yunusa, siririn nan da ba ya hawa ba ya sauka, da muryar Yaya tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri Babana.

"Ba zan iya ba, Yaya," na ce. "Ina sonka, ban taɓa faɗa da baki ba sai yau. Amma in akwai, ba zan iya ba."

Na buɗe hannuna, na ajiye takardar a kan tabarma, tsakanina da shi.

Ya kalle ta. Bai kalle ni ba. Har aka fara gyaran lasifikar masallacin layinmu bai motsa ba. Sannan ya sa yatsu biyu ya ɗauke ta, bai buɗe ba, ya cire hularsa ya sa ta a ciki ya mayar. Ya miƙe, ya zura takalmansa, ya gyara ledar kifin ya jingine ta da bango inda kyanwa ba za ta kai ba.

Na biyo shi har bakin ƙofa ina jiran ko "sai da safe". Ya kama babur ɗin, ya ɗage tsayuwarsa da ƙafa. Bai tayar ba. Tura shi ya yi ta yi a cikin yashi, kansa a ƙasa, har ya sha kwanar gidan mai unguwa, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi gidan Gwaggo, ɗaya ta yi tashar motocin Kano. Daga inda nake tsaye ba a ganin wadda ya bi.